Tarbiyya, Zubi da Siyasa a Ƙagaggun Labaran Hausa na Zamani

Ƙagaggen labari na Hausa yana ɗauke da nauyi biyu tun farkonsa: ya nishaɗantar, ya kuma faɗakar. Saboda haka duk muhawarar da ta taso a kansa takan koma kan abubuwa uku. Na farko shi ne tarbiyya, wato abin da littafi yake nuna wa mai karatu a matsayin daidai ko kuskure. Na biyu shi ne zubi da tsari, wato yadda aka gina labarin, wanda aka bai wa bakin magana a ciki, da inda aka tsayar da shi. Na uku shi ne siyasa, wadda ta haɗa da mulkin ƙasa da kuma rabon iko tsakanin miji da mata, iyaye da 'ya'ya, mai kuɗi da talaka. An saba nazarin waɗannan abubuwa daban-daban, alhali a cikin littafi ba sa rabuwa. Hukuncin da marubuci yake yankewa a kan halin mutane yana fitowa ne ta hanyar ginin labarinsa, kuma ginin nan shi ke bayyana ɓangaren da ya tsaya a rikicin al'umma.

Tushen al'amarin

A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta labarai da Hausar boko domin a samar wa 'yan makaranta abin karantawa. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi wanda John Tafida da East suka rubuta tare. Kafin lokacin, rubutu a ƙasar Hausa aikin malamai ne, kuma mafi yawansa wa'azi ne da fiƙihu da tarihi da waƙa. Labarin da aka ƙaga kuwa yana wajen tatsuniya, abin da ake yi wa yara da dare. Marubutan farko sun sami kansu a tsakani, suna buƙatar hujjar da za ta halatta wa mai ilimi ya zauna ya rubuta abin da bai faru ba. Hujjar da suka riƙe ita ce darasi.

Wannan buƙata ta shafi siffar littattafan kai tsaye. A Shaihu Umar, malami ne yake ba ɗalibansa tarihin rayuwarsa, saboda haka labarin bauta da fataucin bayi a hamada ya fito daga bakin mutumin da ya yi haƙuri ya kuma kai ga daraja. Littafin ya nuna zafin raba uwa da ɗanta, amma muryar da ke ba da labarin ta tawakkali ce. A Jiki Magayi an ga yadda dukiya ta raba Abubakar da Zainab, da yadda ramuwar gayya ta cinye kowa, har da wanda ya ɗauke ta. Ganɗoki ya fara da yaƙar Turawa, ya ƙare a ƙasar da mulkinsu ya riga ya kafu. Hukumar da ta buga littattafan ta gwamnatin mulkin mallaka ce, masu karatunsu kuma 'yan makarantunta ne, don haka iyakar abin da labari zai iya faɗa a kan hukuma sananniya ce tun kafin a ɗauki alƙalami.

Siyasa a fili

Ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 sun kawo wani sabon salo. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya bi matashin da ya bar ƙauye ya faɗa rayuwar birni da miyagun abokai. Gasar kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ta fito da littattafai uku a 1980, ciki har da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, wanda ake ɗauka a matsayin ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta wallafa, da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina. Gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya kuma ta samar da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare a 1982.

Waɗannan littattafai an rubuta su ne a zamanin kuɗin man fetur da Jamhuriya ta Biyu, kuma sun fuskanci zamaninsu gaba da gaba. Turmin Danya ya tona fasa-ƙwauri da cin hanci, ya nuna yadda attajiri ɗaya yake sayen ma'aikata da masu faɗa a ji. Tura Ta Kai Bango, wanda marubucin ya fitar a 1983, ya shiga rikicin jam'iyyu da zaluncin da ake yi wa talaka mai neman canji. Ƙarshen Alewa Ƙasa ya ɗora labarinsa a kan Mailoma, ɗan ta'addan da ya tara makamai da mabiya, ya kuma bi shi har halakarsa. Zubin da suka ɗauka shi ne na kwaikwayon zahiri: garuruwa masu kama da na gaske, ofisoshi, motoci, 'yan sanda da kotu. Wannan zubi shi ya ba su damar cewa ɓarna tana da tsari, tana da masu cin riba, ba kawai halin mutum ɗaya ba ce. A nan tarbiyya ta faɗaɗa daga gyaran hali zuwa tuhumar yadda ake tafiyar da ƙasa.

Siyasar cikin gida

Daga tsakiyar shekarun 1980 al'amarin ya sake fuska. Shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976 ya samar da dubban matasa masu karatun Hausa, da yawansu mata. A daidai lokacin kuma tattalin arziki ya karye, matakan tsuke bakin aljihu na 1986 suka sa takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya. Sai marubuta suka koma buga littattafansu da kansu a ƙananan maɗaba'u, suna kai wa 'yan kasuwa. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farko-farko. A Kano aka kafa ƙungiyar Raina Kama, wadda ta haɗa Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba da wasunsu. Jama'a suka riƙa kiran abin littattafan soyayya, manazarta kuma suka kira shi Adabin Kasuwar Kano.

Muhawarar da ta biyo baya a jaridu cikin shekarun 1990 ta haɗa masana irin su Ibrahim Malumfashi, wanda ya soki ingancin littattafan ya kuma yi hasashen ba za su ɗore ba, da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme, waɗanda suka ga cewa sun cancanci nazari na tsanaki. A wajen jami'a zargin ya fi zafi. Iyaye da malamai sun ce littattafan suna koya wa 'yan mata bijire wa iyaye, suna kwaikwayon fina-finan Indiya, suna shagaltar da ɗalibai. Misalin da aka fi kawowa shi ne In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, inda Sumayya, 'yar masu hali da ke son Muhammad talaka, ta faɗa rijiya saboda za a aurar da ita ga Abdulƙadir mai kuɗi. Masu suka sun ce ya koya wa 'yan mata kashe kai. Marubucin da masu goyon bayansa sun ce ya nuna wa iyaye ne inda auren dole yake kaiwa.

Wannan saɓani shi ne zuciyar batun. Ɓangare ɗaya yana auna littafi da abin da ya nuna, ɗayan kuma yana auna shi da matsayin da ya ɗauka a kan abin da ya nuna. Na biyun ya fi kusa da yadda labari yake aiki, domin kowane labarin faɗakarwa sai ya kawo ɓarnar da yake gargaɗi a kanta. Haka kuma waɗanda suka ce littattafan soyayya sun guje wa siyasa sun taƙaita ma'anar siyasa. Tambayar wanda ke da ikon zaɓa wa yarinya miji, da ko za ta ci gaba da makaranta, da abin da ya hau kan miji na ci da sha da adalci tsakanin matansa, duk tambayoyi ne na iko da haƙƙi. Marubutan sun ɗauke su daga cikin ɗaki suka kai su kasuwa, inda kowa zai karanta.

Yadda ƙarshen labari ke yanke hukunci

Babu inda alaƙar tarbiyya da zubi ta fi bayyana kamar a ƙarshen labari. Yawancin littattafan Hausa an gina su ne a kan sakayya: mugu ya ga sakamakon aikinsa tun a duniya, mai haƙuri ya ci riba. Sau da yawa ma sunan littafin karin magana ne da ke sanar da hukuncin tun daga bango, kamar Ƙarshen Alewa Ƙasa da Alhaki Kuykuyo Ne. Mai karatu ya san inda za a je, abin da yake jira shi ne hanyar da za a bi.

Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, ya isa misali. Rabi tana da 'ya'ya tara da Alhaji Abdu, ɗan kasuwa mai rowa a gida. Ya auro Delu, ya saki Rabi, ya kore ta da 'ya'yanta. Rabi ta kama sana'ar sayar da abinci, ta riƙe yaranta, 'yarta Saudatu ta yi aure na rufin asiri. Daga baya gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu a kasuwa, Delu ta juya masa baya, aka taru aka matsa wa Rabi ta koma gidansa. A zahiri an cika ƙa'idar sakayya, kuma gida ya koma yadda yake. Amma marubuciyar ta kashe mafi yawan shafukanta tana nuna yadda Rabi ta tsaya da ƙafarta, har mai karatu ya ga komen ba lada ba ne a wajenta, wani sabon nauyi ne da dangi suka ɗora mata. Littafin ya bai wa al'ada ƙarshen da take so, ya kuma bar mai karatu da tambayar ko an yi adalci. Wannan aikin zubi ne, domin babu jimla ɗaya ta wa'azi da za ta iya yin sa. Aliyu Kamal ya fassara littafin zuwa Turanci, kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga shi a 2012.

A Wa Zai Auri Jahila?, marubuciyar ta bi wata hanya. An cire Abu daga makaranta, an aurar da ita ga dattijo Sarkin Noma, ta gudu Kano, ta nemi ilimi, ta zama mai dogaro da kanta. A nan mafitar ta fito ne daga ƙoƙarin yarinyar da taimakon 'yar'uwa, kuma hujjojin da ake kawowa a cikin littafin na addini ne: haƙƙin mace na neman ilimi da haƙƙinta na a nemi yardarta kafin aure. Wannan dabara ta yawaita a rubutun mata, ciki har da na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, marubuciyar Allura Cikin Ruwa, wadda taurarinta mata ne masu ilimin boko da na addini. Suna sukar al'ada ne da ma'aunin Musulunci, abin da ya sa yake da wuya a ture maganarsu da cewa baƙuwa ce.

Sai dai tsarin sakayya yana da iyakarsa. Idan a koyaushe gobara ko haɗarin mota ko cuta ce take hukunta azzalumi, labarin ya yarda ke nan cewa alƙali da mai unguwa da hukuma ba za su yi ba. Ana iya karanta wannan a matsayin shaida ta gaskiya a kan raunin hukumomi, kuma ya dace da imanin cewa Allah ba ya barin zalunci. Amma yana iya koya wa wanda aka zalunta cewa aikinsa jira ne kawai. Akwai kuma littattafan da suke sukar kwaɗayin abin duniya, sannan su saka wa tauraruwar da miji mai manyan gidaje da tafiye-tafiye ƙasashen waje. Irin wannan ƙarshe yana rushe darasin da aka faro da shi, domin ya mayar da dukiya ladan kyakkyawan hali. Haka nan labarin da yake ɗora duk sharrin gida a kan kishiya ko uwar miji yakan wanke tsarin da ya haɗa matan faɗa, ya kuma wanke mijin da ya kasa yin adalci.

Wa aka bai wa murya

Abu na biyu a zubi shi ne mai ba da labari. A littattafan kasuwa da yawa marubuci yakan tsaya a tsakiyar labari ya yi wa mai karatu magana kai tsaye, ya yi nasiha, ko ya ja aya da hadisi. Wannan gado ne daga wa'azi da tatsuniya, kuma kariya ce ga marubuci daga zargi. Illarsa ita ce yakan hana mai karatu yin nasa hukuncin. Littattafan da suka fi tasiri su ne waɗanda suka bar wanda al'umma ta riga ta yanke wa hukunci ya bayyana a matsayin mutum. 'Yartsana na Ibrahim Sheme, na 2003, ya bi rayuwar yarinyar da auren dole ya tura karuwanci har ta kamu da cutar ƙanjamau. Bai ƙawata karuwanci ba, amma ya tilasta mai karatu ya ga hannun iyaye da maza da talauci a cikin faɗuwarta. Mace Mutum na Rahma Abdulmajid ya taɓa matsayin mata da ragowar bauta a gidajen sarauta, batun da ba kasafai ake kawo shi fili ba. A irin waɗannan ayyuka, zaɓen wanda za a kalli duniya ta idonsa shi ne babban matakin ɗabi'a da marubuci ya ɗauka.

Kasuwa da hukuma

Hanyar bugawa ma tana da hannu. Saboda tsadar takarda, an saba raba littafi kashi biyu ko uku ko fiye, kowane kashi siriri, a tsayar da shi a daidai inda hankalin mai karatu ya tashi domin ya sayi na gaba. Masu ba da haya da gidajen rediyon da ke karanta littattafai sun ƙara ƙarfafa wannan tsari. Ya sa littafi ya kai hannun matan aure a cikin gidaje da kuɗi kaɗan, wanda babban ci gaba ne ga karatu. Ya kuma jawo jan labari ba dalili da cusa makirci da asiri domin a cika shafi.

Ta ɓangaren hukuma, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a 2000, an kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i a 2001. A 2007 aka ƙona wasu littattafai a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, bisa zargin suna lalata tarbiyyar ɗalibai. A 2008, lokacin da Abubakar Rabo Abdulkarim yake shugabantar hukumar, an nemi marubuta su yi rajista a kuma riƙa duba rubutunsu, abin da ya jawo doguwar takaddama da ƙungiyoyin marubuta. Damuwar iyaye a kan batsa gaskiya ce, kuma marubuta da yawa sun yarda da ita. Matsalar tacewa ita ce tana duba kalma da fage ɗaya-ɗaya, ba ta duba ginin littafi gaba ɗaya. Da wannan ma'auni, littafin da ya fallasa fyaɗe domin ya yaƙe shi yana iya faɗawa tarko ɗaya da wanda ya kawo shi domin jan kasuwa, alhali wanda yake ɗaukaka dukiyar haram cikin lafazi mai tsabta zai wuce lafiya.

Sabbin fagage

Marubutan Arewa masu rubutu da Turanci sun ɗauki waɗannan tambayoyi zuwa ga wasu masu karatu. Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya fito a 2015 ya kuma ci kyautar adabi ta kamfanin NLNG a 2016, ya haɗa Hajiya Binta, gwauruwa mai shekara 55, da Reza, matashin da ke jagorantar 'yan daba masu yi wa wani ɗan siyasa aiki. Littafin ya jera laifin ɓoye na mace kusa da laifin fili na masu mulki, ya nuna wanda al'umma take saurin hukuntawa. Born on a Tuesday na Elnathan John ya ba almajiri Ɗantala bakin magana, ya bi shi daga bangar siyasa zuwa rikicin ƙungiyoyin addini. Harshen rubutu a nan yana da nasa nauyi: wanda ya rubuta da Turanci ya fi samun sarari daga matsin unguwa, amma mutanen da yake magana a kansu kaɗan ne za su karanta shi, kuma yana fuskantar haɗarin tabbatar wa baƙi mummunan zaton da suke da shi a kan Arewa.

A Hausa kuwa, kasuwar littattafan takarda ta ja baya, rubutu ya koma waya. Ana sakin labarai shafi-shafi a WhatsApp da Facebook da Wattpad, masu karatu suna biya ta banki, suna kuma faɗin ra'ayinsu kafin a rubuta babi na gaba. Wannan ya buɗe ƙofa ga sabbin marubuta, musamman mata, ya kuma cire edita daga tsakani, har batsa ta zama hanyar jan masu biya a wajen wasu. A gefe guda, gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata, ta ƙarfafa gajeren labari mai tsari. Labarin da ya fara cin gasar, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan rayuwar 'yan gudun hijira yake, alamar cewa rikicin tsaro ya shiga jigogin adabin Hausa.

Tarihin kimanin shekaru casa'in na ƙagaggen labarin Hausa ya nuna cewa ba a auna tarbiyyar littafi da yawan nasihar da ke cikinsa, ba a kuma auna siyasarsa da ambaton jam'iyya ko gwamna. Ana auna su ne da tambayoyi na zubi: wa aka bari ya yi magana, wa aka ɗora wa laifi, ta wace hanya adalci ya zo, kuma me ƙarshen labarin ya nemi wanda aka zalunta ya haƙura da shi. Malaman adabi a makarantu da jami'o'i, da ƙungiyoyin marubuta, da hukumomin da ke sa ido a kan ɗab'i, suna da alhakin koya wa masu karatu yin waɗannan tambayoyi. Al'ummar da ta iya karanta littafi da irin wannan ido ta fi samun kariya daga mugun rubutu fiye da wadda ta dogara ga hani da ƙonawa.